Mura ta tafi amma fuska ta ƙi daina ciwo

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar tawa ta waɗanda mura ta kama ne a hunturun nan, ta yi kwanakinta ta wuce, zazzaɓi ya sauka tari ya lafa an koma harka, amma aka bar su da wani ciwo a fuska wanda sun rasa yadda za su yi da shi. Ni ma ina cikinsu shi ya sa na ce bari in rubuta. Nauyi ne a kumatu ƙarƙashin ido, wani lokaci ya hau goshi ya zauna tsakanin gira, wani lokaci ya sauko haƙoran sama har ka rantse haƙori ne ya ruɓe, in ka sunkuya ɗaukar wani abu ko ka kai goshi ƙasa a sujada sai ka ji duk fuskar ta taru wuri ɗaya tana bugawa. Kuma abin da ya fi ci min rai ba a ganinsa. Mai mura ana ganin majina ana masa sannu, mai wannan kuwa fuskarsa ras, in ya ce har yanzu yana jin jiki sai a ce haba ai ka warke tun yaushe, ko a ce sanyi ne ya shige ka ka daina shan ruwan firji. To wallahi ciwo ne na gaske, yana hana barci yana hana aiki, yana sa mutum faɗa da iyalinsa ba gaira ba dalili.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne da likita ya zana min yadda wajen yake a takarda. Ashe ƙasusuwan fuskarmu ba a cike suke ba, akwai ramuka masu iska a ciki, su ne sainus ɗin da ake faɗa, kala huɗu ne kuma kowanne dama da hagu: na kumatu wanda ya fi duka girma, na goshi, ƙanana na tsakanin idanu, sai wani can ciki bayan hanci. Kowanne an shimfiɗe shi da fata mai laushi irin ta cikin hanci, tana fitar da majina kullum ko kana lafiya, kuma akwai wasu gashi ƙanana da ido ba ya gani da suke share majinar su tura ta ta wata 'yar ƙofa zuwa hanci. Na kumatun nan shi ne mai rigima, domin ƙofarsa a sama take ba a ƙasa ba, kamar tulu ne da bakinsa ke sama, ruwa ba zai fita da kansa ba sai an kwashe shi, kuma masu kwashewar su ne gashin nan. To ƙwayar mura in ta shiga sai ta kumbura fatar, ƙofar ta matse, ta kuma lalata gashin, kuma gashin ba ya dawowa ranar da zazzaɓi ya sauka, makonni yake ɗauka kafin ya koma aiki sosai. Ka ga kenan ƙwayar cutar ta mutu tuni amma ɓarnar da ta yi tana nan. Maganar haƙori kuma, saiwoyin haƙoran tauna na sama dab suke da ƙasan ramin kumatu, jijiya ɗaya ce ke kai saƙo daga wajen, shi ya sa haƙora da yawa suke amsawa lokaci guda. In haƙori ɗaya ne tak yake ciwo, musamman in ya ji ruwan sanyi ko zaƙi, to wannan likitan haƙori za ka gani, don shi ma ruɓaɓɓen haƙorin sama yana iya jawo ciwon ramin gefensa.

Yanzu inda nake son mu tsaya sosai shi ne maganar kemis. Mu nan an saba, da ka ce mura ta daɗe kuma majina ta yi kore sai a haɗo maka Augmentin ko Ampiclox da na maleriya a sama, wani ma a ƙara masa da allura, ka biya kuɗin da za ka yi cefanen kwana biyu da shi ka tafi. Ni kaina wani mai shago sai da ya matsa min in karɓa, wai ba abin da zai kashe shi sai mai ƙarfi, na ce masa a'a sai na ga likita. Gaskiyar magana mafi yawan wannan ciwon ba na bakteriya ba ne, a cikin manya da suka yi mura bai wuce kashi 2 cikin 100 ba ne bakteriya ke shiga ramukan nasu, sauran duk kumburi ne da birus, wato ƙwayar murar, ya bari, kuma antibayotik irin su Augmentin ɗin nan na kashe bakteriya ne, ba ya taɓa birus ba ya kuma sauke kumburi. Koren majina ma ba hujja ba ne shi kaɗai, sojojin jini ne da suka zo yaƙi suke canza mata kala. A ƙa'idar da likitocin hanci na Turai suka fitar a 2020 sun ware wannan yanayin daban, wato murar da ta wuce kwana 10 ba ta tafi ba ko ta ƙara tsanani bayan kwana 5 amma ba ta kai mako 12 ba, suka ce ba a ba shi antibayotik sai in alamun bakteriya sun taru. Alamun kuwa su ne zazzaɓi sama da 38, ciwo mai tsanani wanda galibi gefe ɗaya yake, majina mai ruwan ɗiwa, da kuma mutum ya fara samun sauƙi sannan ya sake kwantawa fiye da da. In waɗannan sun haɗu to eh, likita zai rubuta kuma ka sha yadda ya ce har ƙarshe. In ba su haɗu ba abin da za ka samu gudawa ne da ɓacin ciki, kuma ranar da ka ke buƙatar maganin da gaske ya ƙi yi maka aiki. Wannan abin yana damuna ƙwarai don yara ma haka ake ɗura musu.

Sai maganin fesawa ko ɗigawa mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin. Yana aiki kam, minti kaɗan hanci ya buɗe ka yi barci, domin matse jijiyoyin jinin hanci yake yi. Amma na kwana 3 ne zuwa 5, in ka wuce haka hancin sai ya saba, da ƙarfin maganin ya sake shi sai ya kumbura fiye da farko, ka sake fesawa, haka za a yi ta yi. Akwai wani abokin aikina da kwalbar ba ta rabuwa da aljihunsa, ɗaya a mota ɗaya a ƙarƙashin filo, yana ta cewa murarsa ba ta jin magani alhali mura ta daɗe da barinsa, kwalbar ce ke riƙe da hancin. Da ƙyar ya rabu da ita, sai da likita ya sa shi ya fara dainawa a ƙofar hanci ɗaya tukuna sannan ɗayar.

Ƙwayoyin mura na kati ma a duba bayansu. Yawancinsu irin Procold da Mixagrip akwai farasitamol a ciki, to in ka sha su ka kuma ƙara Panadol a kai ka ninka ba ka sani ba, kuma babba ba ya wuce giram 4 na farasitamol a yini saboda hanta. Sinadarin buɗe hancin da ke cikinsu yana ɗaga jini, mai hawan jini ya tambaya kafin ya sha. Ibuprofen yana taimakawa ciwon fuska sosai amma a ci abinci tukuna, mai olsa da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi sai da izinin likita.

To me ya taimake ni? Abu mafi arha a ciki, ruwan gishiri. Na san in ka faɗa wa mai ciwo haka sai ya ga kamar raina masa ciwo ka yi, amma shi ne yake yin aikin da gashin nan suka kasa, ya wanke majina mai kauri da ƙurar da ta manne ya jiƙa wajen. Yadda nake haɗawa: ruwa rabin lita, wato kamar ledar fiya wata ɗaya, a tafasa shi sosai ya yi aƙalla minti ɗaya yana tafasa, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe ba a tula ba, in akwai bekin soda a sa kamar haka don ya rage zafin shiga. Bekin soda na ce fa, ba kanwa ba. Sai ka samu babban sirinji a kemis ka cire allurar, ka sunkuya a kan baho ka buɗe baki kana numfashi ta baki, ka karkata kai ka tura ruwan a hankali ta ƙofa ɗaya ya fito ta ɗayar ko ta baki, ka juya, sannan ka fyace a hankali ba da ƙarfi ba don kar ka tura shi kunne. Safe da dare. Kullum a haɗa sabo, sirinjin a wanke a shanya. Maganar tafasawar nan ba wasa ba ce, akwai wata ƙwayar amiba da ke zama a ruwan ɗumi na kududdufi da tankin da ba a kula da shi, in an sha ta ba ta komai amma in ta shiga can saman hanci tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba amma wanda ya samu da wuya ya tashi, kuma tun wajen ƙarshen shekarun 1970 likitoci a Zariya sun ba da rahoton samunta, kar mu ɗauka ciwon wata ƙasa ne. Don haka ruwan rijiya ko na 'yan garuwa ko na famfo kai tsaye ba a tura shi hanci da sirinji.

Na biyu maganin fesawa mai sauke kumburi wanda likita ya rubuta min, irin su fluticasone ko mometasone. Shi daban yake da wancan mai buɗewa nan take, ba ya sa sabo, amma ba ya gaggawa, sai ka yi kwanaki har mako biyu kana fesawa kullum kafin ka ji bambanci sosai, kuma a nan mutane suke yar da shi su ce jabu ne. Yadda ake fesawar ma da muhimmanci, ka wanke hanci da ruwan gishiri tukuna, ka ɗan sunkuyar da kai, hannun dama ya fesa ƙofar hagu hannun hagu ya fesa ta dama, bakin kwalbar ya kalli wajen kunne ba bangon tsakiyar hanci ba, kuma kar ka ja numfashi da ƙarfi don zai wuce maƙogwaro ne kawai. In ana fesa bangon tsakiya shi ke kawo haɓo.

Hunturu kuma shi ne yake mayar da hannun agogo baya. Hazon nan da muke gani ya rufe gari, mafi yawansa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafki ne da ya bushe, kuma ba wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Iska ta kwaso ta ta zuba mana tun daga Nuwamba har zuwa Maris ga bushewa, leɓe ya fashe ƙafa ta yi kaushi, to ka yi tunanin fatar cikin hanci da dama rauni ne da ita. Ni a kan mashin nake zuwa aiki, kuma ranar da na sa takunkumi da ranar da ban sa ba ba ɗaya ba ne in dare ya yi. Takunkumin da muka ajiye tun lokacin korona a ɗauko shi, ko rawani ko mayafi a rufe hanci. A yayyafa ruwa kafin shara. Fanka kar ta doki fuska kai tsaye. Sannan abin da na san zai yi wa uwayen gida wuyar ji, turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da hayaƙin icce da na janareta, duk suna tayar da shi. A gidana sai da muka yi yarjejeniya ana turara ɗakin da rana in ba na nan a buɗe taga kafin in dawo, kuma Allah ya saka wa maiɗakina da alheri ba ta ɗauke shi da zafi ba.

Sirace ina yi wani lokaci don yana sa in ji daɗi na ɗan lokaci, amma ban ɗauke shi magani ba, kuma don Allah a yi nesa da yara, ruwan zafi ya ƙona yara da yawa a garin sirace. Tsumma mai ɗumi a ɗora a kumatu ya fi sauƙi. Man zafi irin su Robb yana sa ka ji kamar iska na shiga saboda sanyin mentol ɗin, a shafa a ƙirji ba a cusa a cikin hanci ba. Shayin citta da kanumfari da zuma ba laifi, ruwa ne mai ɗumi yana sassauta majina. Amma ɗiga ruwan tafarnuwa ko wani mai ko shaƙa gari a hanci da ake yawo da shi a guruf-guruf na WhatsApp, wannan ƙona fatar yake ƙarawa, atishawar da ruwan da ke zuba ba ciwon ne ke fita ba, hancin ne ke kare kansa.

Akwai kuma wani ɓangare da ban taɓa sani ba sai a wannan karon, wanda ina ga shi zai fi amfanar wanda ya yi wata da watanni yana fama. Ba duk ciwon da ke zaune a kumatu da goshi ne na sainus ba. Jijiya ɗaya ce babba a kowane gefe take ɗauke da jin fuska, ta rabu uku, reshe ɗaya goshi da ido, ɗaya kumatu da haƙoran sama, ɗaya muƙamuƙi, kuma ita ce dai jijiyar da ciwon ɓarin kai yake bi. Shi ya sa ciwon ɓarin kai yana iya zuwa a kumatu, har da toshewar hanci da hawaye, mutum ya yi ta shan maganin mura. An yi wani bincike a Amurka a 2004 a kan kusan mutum 3,000 da suke cewa ciwon kan sainus ne da su, aka samu kashi 88 cikin 100 ciwon ɓarin kai ne. To in ciwonka zuwa yake ya tafi, yana bugawa, da tashin zuciya, haske da hayaniya suna damunka, ka fi son ɗaki mai duhu, kuma hancinka a buɗe yake ba majina kana jin ƙamshi lafiya, faɗa wa likita haka dalla-dalla don maganinsa daban ne. Wani kuma cije haƙora yake cikin barci saboda damuwa, ya tashi da muƙamuƙi a gajiye da ciwo gaban kunne. Wani jijiyar ce ta zama mai saurin jin ciwo bayan rashin lafiyar, hoto ya nuna ramuka fes amma nauyin na nan dama da hagu, irin wannan likitoci kan ba da amitriptyline kaɗan da daddare na wasu watanni, kuma in an rubuta maka kar ka ji haushi ka ce an mayar da kai mai taɓin hankali, don ciwon jijiya aka ba ka. Sannan shan maganin ciwon kai kansa in ya kai kwana 15 a wata, ko kwana 10 in mai haɗin kafeyin ne, yana iya zama shi ke riƙe da ciwon kan.

Akwai lokacin da ba a jira ba a haɗa ruwan gishiri, asibiti ake tafiya a ranar ko da tsakar dare ne. Fatar ido ta kumbura ta yi ja, ko idon ya turo, ko kana ganin abu biyu-biyu ko ganin ya ragu, ko goshi ya kumbura, domin tsakanin ramukan nan da ido da ƙwaƙwalwa ƙashi ne siriri, kuma yara sun fi saurin samun na idon. Ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sanƙarewar wuya ko ruɗewa ko amai, mu da muke yankin sanƙarau kuma lokacinsa ne daga hunturu zuwa bazara ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ƙuraje masu ruwa da zafi a gefe ɗaya na goshi ko kan hanci. Mai ciwon suga da sugansa bai daidaita ba in ya ga baƙi a cikin hanci ko a ganɗa ko wani ɓangaren fuska ya mutu ba ya ji. Sai kuma wanda ba na gaggawar dare ba amma ba a sakaci da shi, ƙofar hanci ɗaya ce kullum a toshe tana fitar da jini-jini ko wari, wannan sai an leƙa.

In an kai mako 12 abu bai tafi ba to ya zama na likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, akwai sashen a asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da sauran asibitocin koyarwa. Suna da 'yar siririyar kyamara da suke sawa a hanci su ga ƙofofin da idonsu, in da buƙata su tura ka hoton siti sikan, hoton eksire na gama-gari ba ya nuna abin kirki a nan don haka kar ka kashe kuɗinka a kai da kanka. Kafin ka je ka riƙa rubutawa a waya: yau ina ne ya yi ciwo, gefe ɗaya ko biyu, da majina ko babu, me ka sha, me ka shaƙa, ka yi barci ko ba ka yi ba. Layin asibiti dogo ne kuma lokacin da likita zai ba ka kaɗan ne, in ka shiga da wannan rubutun ba za ka fito kana cewa na manta ban faɗa masa kaza ba. Ka tafi da kwalayen duk abin da ka sha, har na gargajiya.

Da daddare ina ƙara filo kai ya ɗan ɗaga, yana rage nauyin da nake tashi da shi da asuba. Sujada kuma a kwanakin da abin ya yi tsanani na tambayi malaminmu, ya tuna min hadisin Imrana ɗan Husaini cewa a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe, ya ce in ciwon ya kai ga cutarwa in sunkuya iya yadda zan iya. Kowa ya tambayi malaminsa a kan halin da yake ciki. Yanzu Alhamdulillahi ina kai goshi ƙasa, nauyin ya koma sai ranar da hazo ya yi yawa, ƙamshin abinci ma ya fara dawowa duk da har yanzu miyar kuka ba ta kai yadda na san ta ba. Wanda yake da wani a gida mai irin wannan ciwon don Allah a daina ce masa ai ka warke, a tafasa masa ruwan, a ɗauke kaskon turaren daga ɗakinsa, in an ga idonsa ya kumbura a sa shi a mota. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.